Yayana da Lungun da Ruwa Bai Kai Ba

Yayana ya rasu. Tun da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa a Makera nake sauraren abin da masu gaisuwa ke faɗa, domin ƙafata ce ta tsufa, kunnena yana nan garau. Maza a waje suna cewa, "Allah ya jiƙan Injiniya," sai wani ya ƙara da, "Allah ya yafe masa zafin zuciya." Wani tsohon direba har buɗe baki ya yi ya nuna wa jama'a giɓinsa, ya ce aikin hannun marigayi ne, amma ya yafe. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa a gidan mutuwa. Matan unguwa kuwa suna shigowa suna ce wa matarsa, "Sannu, kin yi haƙuri," kuma kowa ya san ba haƙurin rashi kaɗai suke nufi ba.

Ana cikin haka sai ga wata tsohuwa Kirista ta sauko daga keke mai ƙafa uku, tun daga Unguwar Boro, 'ya'yanta tagwaye, ƙarti biyu, suna riƙe da ita hagu da dama. Maman 'yan biyu muke ce mata. Ba ta tsaya gaida kowa ba. Faɗuwa ta yi a tsakar gida tana dukan ƙasa da tafin hannu, tana ihu: "Baba ya tafi! Wa zai ƙara tsaya mana?" Matan suka yi cirko-cirko suna tambayar juna ko 'yar uwarmu ce.

Abin da ya sa na ce a rubuta wannan ke nan. Ni ban shiga aji ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Na ga masu ba da labarinsa rabi suka sani. Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, na san rabin da suka sani, na san ɗayan kuma.

Ba zan yi masa ƙarya ba don ya mutu. Mafaɗaci ne. Tun muna yara a Tudun Wada ya jefe ni da maburgi don na ce na share ɗaki alhali ban ɗaga tabarma ba, tabon yana nan a goshina. Kalmar da ya fi tsana a duniya ita ce "an wanke". Ka ce masa an wanke, sai ya ce, "Ina? Nuna min." Ya karɓi kofi, ya zura yatsa can gindin inda bango ya haɗu da ƙasa, ya zagaya. In yatsan ya fito da maiƙo, kofin nan sai dai a tsince shi a jikin bango. Matarsa bai taɓa ɗaga mata hannu ba, amma tangaran bai taɓa shekara a gidansa ba. Daga baya kwanukan roba ta koma saye.

Shi ne babanmu ya sa boko, ya fito injiniya, ya sami aiki a wani kamfanin sinadarai da ke layin masana'antu, bayan Trikania. Abin wanke tufafi da na sa yadi fari suke haɗawa. Ni kuma a bakin ƙofar kamfanin nake suyar waina, duk ma'aikatan a hannuna suke karyawa. Abin da ake yi a ciki ba a ɓoye yake gare ni ba.

Akwai wani tanki a ciki, na ƙarfe, ya fi ɗakina girma. A cikinsa ake dafa haɗin. Yana da muciyar ƙarfe a tsakiya wadda inji ke juyawa, da wasu alluna na ƙarfe da aka kafa a jikin bangonsa don su riƙa karya ruwa. Ƙofarsa a sama take, kamar bakin rijiya, sai an hau tsani. Lokaci lokaci akan tsayar da aiki a wanke shi, ga yadda suke yi. A zuba ruwa ta sama, muciya ta juya, a buɗe famfon ƙasa. Heluma, wato shugaban ma'aikata, ya tari ruwan da ke fita ya murza a yatsunsa. In da santsi, da sauran soda, a ci gaba. In santsi ya ɗauke, ya ce tanki ya wanku. Sai a sa kaza a kwando, a ɗaura igiya, a zura ta ciki, a ɗan jira. Ta fito tana motsi, shi ke nan, iska lafiya. A ba masu shiga madarar gwangwani su sha, wai tana kashe guba, su ɗaura igiya a ƙugu su sauka da burushi su kankare bango. Kazar kuma tasu ce, da yamma a gasa.

Haka ake yi tun kafin yayana ya zo, haka ya tarar.

Ranar da abin ya faru ina juya waina na ji ihu irin wanda ba na mutum ba. Na bar tanda na shiga da gudu. Mutum uku ne a cikin tankin. An jawo biyu suna aman kumfa. Na ukun, mijin maman 'yan biyu, igiyarsa ta sarƙe a jikin muciya. Ana ja yana maƙale, ana jin shurinsa a jikin ƙarfe, dam, dam, dam, har shurin ya ragu. Yayana ne ya ɗaure fuska da rigarsa ya sauka ya yanke igiyar. Da aka fito da mutumin, inda ya faɗi a cikin lakar da ke gindin tankin, fatar bayansa ta saɓule ta biyo riga. Idonsa a buɗe, ba rai. Abokin yayana ne, kwano ɗaya suke cin wainata.

Manajan lokacin ya iso yana toshe hanci da hankici, ya ce, "Ai kazar ta fito da rai. Wataƙila dama yana da farfaɗiya." Yayana ya sunkuya. Sifana ya ɗauka a ƙasa. Na ji ƙarar muƙamuƙin manajan daga inda nake tsaye. Sai da ƙarti huɗu suka danne yayana. Ya kwana a hannun 'yan sanda har muka gaji da kai abinci, ya fito ba aiki.

Tun daga lokacin Unguwar Boro ta zama masa gida na biyu. Ko a shekarun da gari ya lalace, namu ba sa zuwa can, nasu ba sa zuwa nan, shi sai ya hau babur ɗinsa da hularsa a ka ya tafi. An taɓa tare shi a hanya aka fasa masa kai, ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa. Shi ya gyara wa maman 'yan biyu rufin ɗaki, shi ya tsaya wa tagwayen har suka koyi sana'a. Kuma ranar da ya ji sun gudu daga makaranta, wayar wuta ya sa ya zane su a gaban uwarsu. Su da kansu suke ba da labarin a wurin makoki, suna dariya suna share hawaye.

Amma abu ɗaya ya tsaya masa a wuya: ruwa ya fito ba santsi, kaza ta fito da rai, to daga ina gubar ta fito? Ya yi ta gyaran injinan markaɗe da na ban ruwa yana cin abinci, tambayar tana cinsa. Sai da furfura ta cika masa kai ya sayi kwamfuta ta hannu, tsohuwa, ya zauna koyo kamar ɗan firamare. Abin da yake so shi ne ya gina tankin nan a cikinta. Ya san awonsa a ka. Ya zana shi, da muciyar, da allunan. Ya yayyanka cikinsa gida-gida ƙanana kamar ragar kifi, kwamfutar ta riƙa lissafa inda ruwan kowane gida zai nufa. Ya sa wa guba ja, ya sa wa ruwa shuɗi. Abin yana cin lokaci, kuma in aka ɗauke wuta ana tsakiya sai a sake daga farko. Maƙwabta sun san lokacin da aka ɗauke wuta ko suna barcin rana, domin ashar ɗinsa har titi. Janareta ɗaya da ƙafa ya kashe shi.

Faɗanmu babba a kan ɗana ne, autana. Yaro ya gama makaranta yana zaune, ni kuma heluman kamfanin ya shekara nawa yana cin wainata. Na yi masa magana, aka ɗauki yaro. Har gobe ba na ganin laifina, uwa ce ni, namiji ba ya zama haka. Yayana ya ji. Da safe, layin masu saye ya cika, sai ga babur ɗinsa.

"Ke mai waina! Ke kika kai yaron nan gidan mutuwa?"

Na ce, "Yaya, ina kwana tukuna."

"Ban kwana ba! Ke kika kai shi?"

"Ni na haife shi, ni na kai shi. Kai ka ba shi aiki ne?"

Ƙafa ya sa ya shure tandar. Mai ya tashi ya zubo min a ƙafar hagu. Na ɗauki robar ƙullu na juye masa a ka, a gaban jama'a, ƙullu yana bin gemunsa. Na ce, "In ka fasa kashe ni ba ka haifu ba!" Uwarmu ɗaya, amma haka na faɗa. Aka shiga tsakani. Muka daina magana. Salla ta zo ta wuce, ban je gidansa ba, bai zo nawa ba. Yaron ne kawai ke zuwa gaida kawunsa a ɓoye.

A bakin yaron ya ji abin da ya tayar masa da hankali. An yi sabon manaja, man dizal ya yi tsada, an ce a rage lokacin da muciya ke juyawa wajen wanki, da zarar santsi ya ɗauke a kashe inji. Kuma a wankin da ke tafe ɗana yana cikin masu shiga. Ni da yaron ya gaya min murna na yi, domin ba kowa heluma ke zaɓa ba.

Da la'asar ina wanke shinkafar gobe sai na ji an damƙi hannuna. Ko sallama babu. Ya ja ni har bakin babur, ina zaginsa yana ja. A ɗakinsa ya zaunar da ni gaban kwamfutar.

"Kalla."

"Ni ka ɗauko in kalli katun ɗin yara?"

"Rufe min baki ki kalla!"

Na kalla. Ga tanki, cike da ja. Shuɗi ya zubo ta sama, muciya ta fara juyawa, ja da shuɗi suka cakuɗe suna zagaye. Tsakiya ta washe. Shuɗi ya miƙe kamar igiya daga sama har famfon ƙasa. Ya tsayar da hoton ya ɗora yatsa.

"Nan heluma ke murza ruwa. Me zai ji?"

"Ba santsi."

"Nan kaza ke lilo. Me zai same ta?"

"Ba komai."

"To kalli nan."

Can ƙasa, a bayan allo ɗaya, inda bango ya haɗu da gindi, ja ne kwance jawur. Ruwa yana zuwa ya kewaye shi ya wuce. Ya ce a da, da ake barin inji ya daɗe, jan yakan ragu, shi ya sa aka yi shekaru sai tari da ƙunar hannu kawai. Ya nuna min wancan, ya nuna min na yanzu. Na yanzu ya ninka. Ya ce lakar tana kwance lafiya matuƙar ba a taɓa ta ba, ranar da burushi ya shiga cikinta ne take buɗe baki.

Na ce, "Yaya, wannan kai ka zana shi. Wanda ya zana abu ai inda ya ga dama zai sa ja."

Kofin shayin da ke hannunsa ya wuce ta gefen kunnena ya tarwatse. Ya ce, "Ni na zana tankin. Ruwan ba ni na gaya masa inda zai bi ba!"

Na tashi na kakkaɓe zanina na tafi. Amma na yi wa yaron magana. Ya ce, "Iya, in na ce ba zan shiga ba, gobe wani ne a wurina. Kawu tsoro ne ya kama shi tun na da." Yayana kuwa ya ɗauki kwamfutar ya kai wa sabon manajan. Mutumin ya kalla, ya ce aiki ya yi kyau, amma shi ba zai tsayar da tsarin kamfani a kan abin da tsoho ya haɗa a ɗakinsa ba, balle tsohon da aka kora don ya karya wa mutum muƙamuƙi. Yayana ya kifar masa da tebur. Masu gadi suka watso shi waje, suka wurgo kwamfutar a bayansa, gilashinta ya dare biyu. A gabana aka yi. Ya tsince ta, bai kalle ni ba, ban kalle shi ba.

Ranar wankin na kasa haɗa ƙullu daidai, wainar sai kamawa take. Na ga an wuce da kwandon kaza. Na ga ɗana ta tsakanin ƙarafan ƙofa, igiya a ƙugu, yana ɗaga gwangwanin madara yana min dariya. Sai ga ƙarar babur. Yayana ne, da dogon bututun ƙarfe a kafaɗa, ya fi shi tsawo sau biyu.

Mai gadi ya ce, "Baba, oga ya ce in ka sake zuwa..."

Bai ƙarasa ba. Da babur ɗin ya bi ta kansa. Sauran suka rufar masa da kulake. Tsoho mai jikoki, suna dukansa a baya, a kai, a baki, yana juya bututun nan kamar mai sussuka, duk wanda ya samu sai ya zauna. Na ga haƙoransa biyu a ƙasa. Ban san lokacin da na ɗauki itacen wuta daga murhu ba. Wanda ya ɗaga kulki zai sauke masa a ƙeya, ni na maka masa itacen a hannu. Yayana ne. Ni kaɗai ke da ikon zuba masa ƙullu.

Ya kuɓuce ya nufi tankin, jini yana bin rigarsa. Lokacin an jawo kazar, tana kuka lafiya lau, ɗana ya sa ƙafa a tsani. Yayana ya finciko shi ta igiyar ƙugu ya maka shi da ƙasa. Ya fizge kwandon daga hannun heluma ya hau. Manaja yana ihu a kira 'yan sanda. Yayana ya leƙo daga sama ya ce, "Kira su! Su ma su zo su gani!"

Ya mayar da kazar ciki. Ya kwanta ruf da ciki a bakin ƙofar, rabin jikinsa a cikin tanki, ya zura bututun can bayan allon, daidai inda ya ɗora min yatsa. Muna jin ƙarfe yana kartar ƙarfe. Ya soka, ya motsa, ya sake sokawa.

Hayaƙi ne ya taso, rawaya-rawaya, mai nauyi, ya malalo ta bakin tankin kamar kunu ya tafasa. Warin ya shaƙe mu tun daga ƙasa, ido ya kama ruwa. Muka ji kazar tana dukan kwando. Ta yi shiru. Yayana ya jawo igiyar da hannu ɗaya ya wurgo kwandon, ya faɗo a gaban takalmin manaja. Wuyanta a lanƙwashe, baki a buɗe, kumfa na fita. Tari ya kama jama'a. Waɗanda za su shiga tare da ɗana, ɗaya ya zauna a ƙasa yana kwance igiyar ƙugunsa.

Sai yayana ya sulalo daga tsani. Bai sauko ba, faɗowa ya yi.

Ɗana ne ya goya shi har titi. Muka tare keke, yaron ya zauna gaba kusa da direba, ni ina baya da kan yayana a cinyata. Numfashinsa kamar ana yaga tsumma. Ya yi tari, jini da kumfa suka ɓata min zani. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Ke mai waina. Kin gani?"

Na ce, "Na ga an zubar maka da haƙora."

"Ba shi... nake tambaya ba."

Na ɗaga kai. Ga ƙeyar ɗana, ga igiyar har yanzu a ƙugunsa, yana yi wa direba tsawa ya yi sauri.

Na ce, "Na gani, Yaya."

Ya rufe ido ya ce, "To rufe min baki."

Ya tashi daga wannan, amma ƙirjinsa bai tashi ba. Shekarun da suka rage masa a zaune ya yi barcinsu, in ya kwanta numfashi ya tsaya. Bai ƙara iya ɗaga murya ba, mutumin da ake jin faɗansa daga titi. Kamfanin sun ce an canja yadda ake wankin, an sa wani bututu mai fesa ruwa ta bayan allunan, ba wanda ya zo ya ce masa sannu. Tarin nan ne ya tafi da shi.

Da aka ɗauko makara, ɗana ne a gaba ta dama, ɗaya daga cikin tagwayen a hagu, kuma ba wanda ya iya cewa Kirista ya matsa. Na tsaya a bakin zaure ina kallon kafaɗar yarona a ƙarƙashin kawunsa har suka sha kwana.

Allah, ka san zafinsa, kai ka halicce shi da shi. Ka sanyaya masa makwanci, ka buɗe masa ƙirji ya yi numfashin da ya bari a bakin tankin nan saboda ɗana. Amin.